Almami Samori Ture da maƙeran bindigoginsa

A ranar 2 ga watan Yunin 1900 ne Allah Ya yi wa Almami Samori Ture rasuwa a wani tsibiri da ke kusa da garin Ndjole na ƙasar Gabon, inda Faransawa suka kai shi zaman talala bayan ya shafe shekaru 16 yana fafatawa da su.

Akasarin mutane sun san Samori ne a matsayin mayaƙin da ya fi kowa wahalar da sojan Faransa a Afirka ta Yamma. Amma akwai wani ɓangare na tarihinsa da ba a cika ambata ba, wato yadda ya tara maƙeran ƙasarsa ya ɗora musu aikin gyara da kuma ƙera bindigogi irin na Turai, a lokacin da ba shi da masana'anta, ba shi da injin ko ɗaya, kuma ana ta toshe masa hanyoyin sayen makamai.

Asalinsa da tasowarsa

An haifi Samori a wajejen shekarar 1830 a ƙauyen Manyambaladugu da ke yankin Konyan, a kudu maso gabashin ƙasar da a yau ake kira Gini.

Mahaifinsa, Lanfiya Ture, ya fito ne daga cikin Juula, fataken ƙabilar Mande, waɗanda Hausawa suka fi sani da Wangarawa, kuma tarihin Kano ya ambaci zuwansu birnin tun zamanin Sarki Yaji. Mahaifiyarsa kuwa daga zuriyar Kamara take.

Samori ya fara rayuwa ne da fatauci. A kan hanyoyin goro da shanu da zinariya ya san farashin kaya, ya san garuruwan da ake samun albarushi, ya kuma san 'yan kasuwar da ke hulɗa da bakin teku. Wannan ilimi ya yi masa rana daga baya fiye da yadda takobi ya yi masa.

A wajejen 1853 mayaƙan gidan Sise suka kama mahaifiyarsa a wani hari. Da yake ba shi da dukiyar fansarta, sai ya miƙa kansa ya yi musu aikin soja na kimanin shekaru bakwai. A nan ya koyi hawan doki da riƙe bindiga da tsara mayaƙa.

Bayan ya rabu da su ya ɗan zauna da abokan hamayyarsu na gidan Berete, sa'an nan ya koma wurin dangin mahaifiyarsa, waɗanda suka naɗa shi sarkin yaƙinsu a 1861.

Daga garin Sanankoro ya soma faɗaɗa ikonsa, daga bisani ya mai da Bisandugu babban birninsa. A 1881 ya ci Kankan, cibiyar malamai da 'yan kasuwa, sa'an nan a 1884 ya ɗauki laƙabin Almami, wato limami kuma shugaban al'umma.

Bindigar toka da bindigar zamani

Lokacin da Samori ya fara yaƙe-yaƙensa, bindigar da ke hannun mayaƙan Afirka ta Yamma ita ce irin wadda har yanzu ake gani wurin mafarautan Tudun Wada da Doguwa da sauran garuruwan da ke kewaye da dajin Falgore a kudancin jihar Kano, wato bindigar toka, wadda wasu ke kira harbi-ka-ruga.

Ta baki ake ɗura mata albarushi da dalma, a danna da sanda. Cikin bututunta sumul yake, don haka harsashi kan fita yana tangaɗi, kuma da zarar abin harbi ya yi ɗan nisa, samunsa sai an yi sa'a. In an yi ruwa albarushi ya jiƙe, to, ta zama sanda.

Bindigar zamani ta sha bamban da wannan ta fuskoki uku. Na farko, an sassaƙa wasu siraran layuka masu murɗewa a cikin bututunta, waɗanda ke sa harsashi ya fita yana juyawa kamar mazarin kaɗi. Wannan juyi shi ke hana shi karkacewa.

Na biyu, ta baya ake ɗura ta, ta hanyar jan wani ƙarfe mai kama da sakatar ƙofa, abin da ke ba soja damar sake ɗuri yana kwance a ƙasa. Na uku, albarushi da harsashi a haɗe suke cikin kwanso guda, kowanne da awo iri ɗaya, ta yadda harbi na biyu zai bi sawun na farko.

Samori ya fahimci wannan bambanci da wuri. Tun daga 1876 ya soma aika fatake zuwa Freetown da ke Saliyo, wadda ke ƙarƙashin Ingila, domin sayo bindigogi masu ɗuri ta baya. A 1884 dakarunsa suka kama garin Falaba, abin da ya ba shi iko da hanyar da ta sauka zuwa can.

Zaɓen bindigar da ta dace

Da farko ya sayi bindigar Chassepot ta Faransa, ƙirar 1866. Sai dai kwanson harsashinta na takarda ne, kuma laimar daminar Gini kan lalatar da shi kafin a kai ga fagen fama.

Daga 1885 sai ya karkata ga bindigar Gras, ƙirar 1874, mai kwanson tagulla. Bayanta ya ƙara da Kropatschek, wadda 'yar'uwar Gras ce, amma tana da wani siririn bututu a ƙarƙashin babban, wanda ke ɗaukar harsasai da dama a lokaci guda.

Wannan zaɓi na ɗan kasuwa ne mai lissafi. Kwanson tagulla ba ya ruɓewa, kuma ana iya sake cika shi bayan an harba. Bindigogin biyu harsashi iri ɗaya suke ci. Bugu da ƙari, su ne a hannun sojojin Faransa da yake yaƙi da su, saboda haka duk bindiga ko harsashin da aka ƙwato a fagen daga zai shiga aiki nan take.

Kazalika, tun da Faransa ta ɓullo da sabuwar bindigar Lebel a 1886, tsofaffin bindigogi suka yi ta kwarara kasuwa, farashinsu ya sauko.

Duk da haka kuɗin Samori bai isa ya ba kowane soja irin wannan bindiga ba. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa a 1887 yana da dakarun ƙasa tsakanin 30,000 zuwa 35,000, waɗanda ake kira sofa, da mahaya dawaki kimanin 3,000. Bindigogin zamani kuwa, ko a 1893 da suka fi yawa, kimanin 6,000 ne.

Abin da ya yi shi ne ya ware zaɓaɓɓun mayaƙa ya damƙa musu bindigogi masu kyau, sauran kuma suka ci gaba da riƙe na toka. Ya kuma yi amfani da tsofaffin sojojin Faransa 'yan Afirka, waɗanda suka gudo ko aka kama, wajen koya wa mutanensa fareti da saiti da bin umarnin ƙaho.

Maƙera ta zama masana'anta

Hausawa kan ce rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Hanyar Freetown tana da nisa, ayari kan yi makonni kafin ya dawo, kuma bindigar da allurarta ta karye a tsakiyar damina ba za ta jira ayari ba.

A ƙasar Mande maƙera zuriya ce mai zaman kanta, ana kiransu numu, kuma sun gāji narka tama da sarrafa ƙarfe tun kaka da kakanni. Sun riga sun iya gyaran bindigar toka, har ma da ƙera ta.

Samori ya tattara ƙwararru daga cikinsu a kusa da Sanankoro, ya ɗauke musu nauyin ci da sha, ya sa su aikin gwamnati kaɗai. An ruwaito cewa akwai daga cikinsu waɗanda suka je Saint-Louis da ke Senegal suka ga yadda ake aiki a ma'aikatar makaman Faransawa, suka dawo da abin da idonsu ya gani.

Kayan aikinsu su ne waɗanda kowane maƙerin Kano ko Bebeji ya sani: zugazugi da gawayi da uwar maƙera da masaba da awartaki da magagari. Da su suka riƙa warware bindigar Gras gunduwa-gunduwa, suna auna kowane ƙarfe, suna kwaikwayonsa.

Sun fara da ƙananan sassan da suka fi saurin lalacewa, sannu a hankali har suka kai ga haɗa bindiga sukutum. Ƙiyasin da masana tarihi suka fi ambata ya nuna cewa maƙera tsakanin 300 zuwa 400 ne ke wannan aiki, suna fitar da bindigogi kimanin 12 a mako, da harsasai 200 zuwa 300 a kowace rana.

Ga mai kallon masana'antun Turai wannan adadi ba wani abu ba ne. Amma duk wanda ya san aikin ƙarfe ya san abin da ke cikinsa. Sakatar bindiga in ta yi sako-sako hayaƙi da wuta za su dawo fuskar mai harbi, in ta matse kuma ba za ta buɗu ba. Tsakanin waɗannan biyun tazarar ba ta wuce kaurin gashi ba, kuma da ido da magagari suke nemo ta.

Aiki mafi wuya shi ne bututu. Dole ya miƙe sak, faɗin cikinsa ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe, ƙarfensa kuma ya jure zafi. A Turai injuna ne ke huda shi su sassaƙa layukan cikinsa. Saboda haka bindigar da aka sayo ta fi ta gida daraja a wurin mayaƙa, kuma babban amfanin maƙeran shi ne hana waɗanda aka sayo mutuwa.

Harsashi ma haka. An umarci sofa da kada su bar kwanso a ƙasa. Bayan kowace arangama akan tsince kwansunan da aka harba, nasu da na abokan gaba, a kai wa maƙera su gyara su sake cikawa. A rundunar Samori kwanson da ba kome a cikinsa dukiya ne.

Wanda ya biya kuɗin

Bindigogin nan ba kyauta suka zo ba. Samori ya biya da zinariyar Bure, yankin da ya shahara da haƙar zinariya tun zamanin daular Mali, da kuma hauren giwa da shanu.

Dawaki kuwa, waɗanda ba sa daɗewa a ƙasarsa saboda cututtuka, daga arewa ake kawo su, kuma da bayi ake musayarsu. Ma'ana, kowane sabon yaƙi yana bukatar makamai, makamai na bukatar dukiya, dukiyar kuma sai an sake kai wani hari kafin a same ta.

Wannan ne ya sa har gobe ake da ra'ayi biyu game da shi. A Gini gwarzo ne. Amma a wasu sassan kudancin Mali da arewacin Kodebuwa da arewacin Ghana, abin da tsofaffi suka gada daga kakanninsu shi ne labarin ƙone garuruwa da kwashe mutane.

Fafatawa da Faransa

Karon farko da dakarunsa suka haɗu da Faransawa shi ne a Keniyera a watan Fabrairun 1882. A shekarar da ta biyo baya ƙanensa Keme Birema ya gwabza da su a Woyowayanko, kusa da Bamako.

Samori ya gane cewa fito-na-fito a fili da masu igwa asara ce. Don haka ya nemi sulhu, aka ƙulla yarjejeniya a 1886, aka sake wata a Bisandugu a 1887, da kuma ta uku a 1889. Har ɗansa Karamoko ya aika Faransa a 1886 domin ya gano ƙarfinta da idonsa.

A 1887 ya yi kuskuren da ya fi kowanne tsada a rayuwarsa. Ya kai wa Sikasso yaƙi, birnin Sarki Tiyeba Tarawore, wanda ke kewaye da ganuwa mai kauri. Ya yi wa garin ƙawanya fiye da shekara guda bai iya shiga ba, domin bindiga komai kyanta ba ta fasa ganuwa. Ya rasa dubban mayaƙa da dawaki, da wasu daga cikin manyan kwamandojinsa, ciki har da Keme Birema.

Kafin ya farfaɗo, tawaye ya ɓarke a sassa da dama na daularsa, inda jama'a suka gaji da harajin yaƙi da kuma matakin da ya ɗauka na tilasta musu barin addinin gargajiya. Ya murƙushe tawayen da ƙarfin tsiya.

A 1891 Kanar Archinard ya kama Kankan. A farkon 1892 Kanar Humbert ya kutsa Bisandugu da Sanankoro. A wannan yaƙi ne aikin maƙera da horon sofa suka fito fili. Maimakon su afka wa abokan gaba a dunƙule, sai su laɓe a mashigin rafi ko bakin kurmi, su buɗe wuta, su janye zuwa wani wurin, su sake jira. Faransawa sun ci garuruwan, amma sun tarar da su kango, kuma sun yi asarar da ba su saba yi ba a yankin.

An toshe hanyar teku

A ranar 2 ga Yulin 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu kan yarjejeniyar Brussels, wadda ta taƙaita sayar da bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar Afirka. An ce manufarta ita ce yaƙi da cinikin bayi, amma ta kuma bar sarakunan Afirka ba su da abin kare kansu daga masu mamaya.

A 1893 Faransawa suka kama Faranah, suka raba Samori da Saliyo. Daga nan nauyin ya ƙara komawa kan maƙera.

Samori ya ɗauki matakin da ba a saba gani ba. Ya kwashe daularsa baki ɗaya, da sojoji da iyalai da maƙera da kayan aikinsu, ya nausa gabas yana ƙone abin da ya bari a baya. Ya kafa sabuwar hedkwata a Dabakala, a arewacin Kodebuwa ta yau, aka sake hura wutar maƙera a can.

A 1895 ya kori rundunar Kanar Monteil da ta taso daga bakin teku. A wannan shekarar dakarunsa suka shiga Bonduku, kasuwar da fataken goro Hausawa suka daɗe suna zuwa.

A 1897 ɗansa Sarankenyi Mori ya fatattaki wata ƙaramar rundunar Ingila a yankin Wa, a arewacin Ghana ta yau. Sojojin wannan runduna daga cikin dakarun da Ingilishi ke kira Hausa suke, kuma a nan ne aka kashe George Ekem Ferguson, sanannen ma'aikacin safiyo ɗan ƙasar.

A shekarar ce kuma Samori ya rushe Kong, tsohon birnin malamai da fatake, bisa zargin mutanensa da haɗa baki da Faransawa. Wannan ya zubar masa da mutunci a idon Musulmi da dama.

Ƙarshen al'amari

A ranar 1 ga Mayun 1898 Faransawa suka ci Sikasso. Ganuwar da ta gagari Samori fiye da shekara guda, igwa ta fasa ta cikin makonni kaɗan.

Da ya ga an kewaye shi, sai ya juya yamma zuwa duwatsu da kurmin da ke kusa da iyakar Laberiya. Damina ta same shi a can da ɗimbin jama'a, abinci ya ƙare, yunwa ta sa mayaƙa suka soma watsewa.

A ranar 29 ga Satumban 1898 wata ƙaramar runduna ƙarƙashin Kyaftin Henri Gouraud ta shammace shi a sansaninsa na Gelemu, ta kama shi ba tare da an gwabza ba. Aka wuce da shi Senegal, daga can zuwa Gabon, inda ciwon huhu ya yi ajalinsa yana da kimanin shekaru 70.

Abin da ya faru a Sikasso ya maimaita kansa a ƙasar Hausa bayan 'yan shekaru. A farkon Fabrairun 1903 rundunar Kanar Morland da ta taso daga Zariya ta iso Bebeji, mutanen garin suka rufe ƙofa, igwa ta ɓalle ta. Ranar 3 ga watan aka shiga Kano. Samori ya magance matsalar bindiga gwargwadon iyawarsa, amma shi da sarakunan ƙasar Hausa duk igwa da bindiga mai jigida ne suka fi ƙarfinsu.

Abin da ya bari

Shugaban Gini na farko, Ahmed Sekou Toure, wanda ya ce shi jinin Samori ne, ya ɗaukaka sunansa bayan samun 'yancin kai a 1958. A 1968 gwamnatinsa ta yi bikin dawo da gawarsa daga Gabon zuwa Conakry.

Masanin tarihi ɗan Faransa, Yves Person, ya rubuta littafi mai juzu'i uku a kansa, wanda ya fito tsakanin 1968 da 1975, bayan ya zaga garuruwa yana tattara bayanai daga bakin tsofaffi.

Maƙeran Samori kuwa sun watse bayan kama shi, kuma gwamnatocin mulkin mallaka ba su bar irin wannan sana'a ta ci gaba a fili ba. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta haramta ƙera bindiga ba tare da izini ba, kuma a 1964 ne aka kafa ma'aikatar ƙera makamai ta gwamnati a Kaduna, shekaru 66 bayan da wuta ta mutu a maƙerar Dabakala.